Nginx, Varnish, HAProxy ko Caddy: wa za ka ajiye a gaban Apache ram ya huta?

Mu masu riƙe da fotal na makarantu a wajajen Ringim, Taura, Garki har su Babura da Gumel kusan duk ciwonmu ɗaya ne. Ka kama hayar ƙaramar saba (kwamfutar da fotal ke zaune a kanta) mai ram 1GB saboda ita aljihu zai iya ɗauka, da dala ake biya kuma kowa ya san inda dala ta kai tun da aka saki naira a 2023, fotal na tafiya lafiya lau duk tsawon zango babu mai ko kallonsa, ranar da hedimasta ya tura saƙo a guruf ɗin iyaye cewa sakamako ya fito kowa ya duba, kafin la'asar shafi ya koma fari fat da rubutun nan na "Error establishing a database connection". Waya ta fara ruri, "Malam fotal ɗinku fa ya mutu". Kuma makarantar gaba ɗayanta ɗalibanta ba su kai dubu ba. Sai mutum ya ɗauka yawan jama'a ne ya kayar da ita, ya fara lissafin komawa 2GB ko 4GB, wanda kuɗinsa kusan ninki ne duk hawa ɗaya. Toh kafin ka je wajen mai makaranta neman ƙarin kuɗi, tsaya ka ga inda ram ɗin yake zurarewa.

Yawancinmu yadda muka koya haka muke ɗorawa: Ubuntu, Apache mai miƙa shafuka ga masu ziyara, PHP mai haɗa shafukan, da databes mai ajiye bayanai, MariaDB ko MySQL, shikenan. In ka saka PHP ta hanyar mod_php to Apache zai koma tsarin da ake kira prefork, wato kowane konekshin ɗaya furoses guda (kwafin Apache ɗaya da ke zaune a ram) yake ci shi kaɗai, kuma kowane furoses yana goye da injin PHP cikakke a cikinsa ko zai yi amfani da shi ko ba zai yi ba. Wanda ya zo neman bajon makaranta, ɗan hoton da bai kai 20KB ba, furoses mai PHP za a ba shi. Wanda ya zo neman fayil ɗin CSS shi ma haka. Ga shi burawuza a HTTP/1.1 tana buɗe konekshin har 6 zuwa saba ɗaya a lokaci guda, kaga uba ɗaya da wayarsa ɗaya yana iya riƙe maka furoses shida. Kada ma ka ce za ka kunna HTTP/2 ya haɗe su, tun Apache 2.4.27 ba ya yarda ya yi HTTP/2 a kan prefork. Sannan furoses ɗin da ya taɓa yin aiki mai nauyi, misali ya haɗa sakamakon aji guda ya mayar PDF, ya kumbura kenan, ba lallai ya saki ram ɗin ba ko da aikin da ya biyo baya miƙa hoto ne kawai.

Yanzu yi lissafi. A ce kowane furoses yana cin 40MB, wannan misali ne, WordPress mai fulogin da yawa yana wuce haka, fotal ɗin da aka rubuta da hannu yana iya yin ƙasa, kai za ka auna naka. A 1GB ɗin nan cire na databes, a ce 300MB, cire na tsarin kansa da su SSH a ce 150MB, abin da ya rage maka wajen 500MB ne da ɗan ɗori. Raba da 40, furoses 12 ko 13 kenan. Amma je ka buɗe mpm_prefork.conf a Ubuntu ko Debian, za ka tarar MaxRequestWorkers, wato iyakar yawan furoses, 150 aka rubuta. 150 sau 40 ai 6000MB ne, a kan injin da ke da 1000. Apache ba ruwansa, an ce masa 150 zai yi ta haihuwa har ya kai, ram ya ƙare, in akwai suwaf (wurin diski da ake ara in ram ya cika) saba ta koma rarrafe, in babu kanel, wato zuciyar Linux, ya zaro wuƙa ya nemi wanda ya fi kowa ƙiba ya yanka, kuma kusan kullum databes ne mai ƙibar. Buga dmesg ka nemi "Out of memory", za ka ga sunan wanda aka kashe.

Inda namu ya bambanta da na mutanen birni shi ne sabis. PHP zai iya gama haɗa shafin sakamako cikin ƙasa da rabin sakan, amma furoses ɗin ba zai tashi daga kan mutumin ba sai an gama hidima da shi. Wanda ke zaune a ƙauyen bayan Gujungu da harafin E a saman wayarsa, yana ɗaga ta sama yana neman sanda biyu, shi ne mai riƙe furoses. In shafin ƙarami ne kanel na iya karɓarsa ya riƙe a wajensa Apache ya wuce gaba, wannan gaskiya ne, amma da zarar PDF ne ko hoto babba to zama ya kama. Ɗora hoto kuwa ba a magana. Lokacin rajistar sababbin ɗalibai uwa ta ɗauki fasfo ɗin yaro da kyamarar waya, hoton ya fito 2MB, wato megabit 16, in sabis ɗinta na tura kilobit 100 a sakan to sakan 160 za ta yi, kusan minti uku furoses mai 40MB yana zaune ya buɗe baki yana jiran ɗigo. Bayan an gama kuma KeepAlive zai sake riƙe shi sakan 5 ko za ta nemi wani abu. Mutum goma sha biyu irinta sun isa su cinye duk abin da lissafinmu na sama ya bayar, alhali sifiyu (CPU, ƙwaƙwalwar injin) na barci.

Nginx, Varnish, HAProxy da Caddy duk ana ajiye su a matsayin furoksin gaba, kuma abin da furoksin gaba yake yi shi ne aikin ɗan dako a kasuwa. Mai awo ba ya barin buhunansa ya raka kowane mai saye har bakin kura ko tasha, zai auna ya ɗaure ya miƙa wa ɗan dako ya juya kan na gaba, ɗan dako ne zai bi tsohuwa da tafiyarta a hankali. Wata manhaja ce mara nauyi kake ajiyewa a ƙofa 80 da 443 ita take magana da duniya, Apache ka mayar da shi ciki a 127.0.0.1:8080 inda ba mai ganinsa sai ita. Tsakaninsu a inji ɗaya suke, miƙa kaya kamar ƙiftawar ido ne. Don haka tambayar da nake yi wa kowace manhaja a wannan zaɓin guda biyu ce: shin tana karɓe kayan gaba ɗaya ta sallami Apache ya tafi, ko kuwa tana tsaye ne kawai tana miƙawa kaɗan kaɗan? Sannan ita kanta nawa take ci?

Nginx shi ne wanda zan fi daɗewa a kai don shi nake ganin ya dace da mafi yawanmu. Igor Sysoev ne ya rubuta shi a Rasha, ya sake shi a 2004, tun farko don matsalar konekshin dubbai a inji ɗaya aka yi shi. Ba ya ba kowa furoses, ma'aikata ƙalilan gare shi, galibi ɗaya ga kowane kan sifiyu, kowanne yana jujjuya dubban mutane. Su kansu masu shi sun rubuta cewa konekshin 10,000 da ke zaune ba sa komai wajen 2.5MB suke ci. Kwatanta da 40MB na mutum ɗaya. Kuma abin da muke nema a kunne yake zuwa ba sai ka taɓa ba: proxy_buffering yana karɓe amsar Apache da sauri ya riƙe, in ta fi ƙarfin ɗan wurin da ya ware a ram ya zuba sauran a diski, har 1024MB a saitin da ya zo da shi. Ta ɓangaren shigowa kuma proxy_request_buffering zai jira hoton uwar nan ya gama hawa tsaf, duk minti ukun, sannan ya ƙwanƙwasa wa Apache. Wannan na biyun shi ne ainihin maganin ciwonmu na ƙauye. Bayan haka hotuna da CSS da JavaScript ka ce nginx ya ɗauko su da kansa daga diski, Apache ba zai ma san an zo ba.

Amma dan Allah ɗan'uwa ka riƙe wannan, saka nginx shi kaɗai ba ya rage komai in ka bar 150 ɗin nan a inda take. Da yawa suna sakawa su tafi, ranar cunkoso Apache ya sake haihuwa ya cika gida, su ce ai furoksi ƙarya ne. Koma mpm_prefork.conf ka sauke MaxRequestWorkers zuwa abin da lissafinka ya bayar, 12 ko 15, ka kashe KeepAlive a Apache tunda yanzu nginx ne ke riƙe mutane, sannan MaxConnectionsPerChild da ke 0 ka mayar da shi kamar 500 don furoses ɗin da ya kumbura ya mutu a haifi sabo. Za ka ce 12 ba ta yi kaɗan ba? In kowane shafi rubu'in sakan yake ɗauka, furoses 12 za su iya sallamar buƙata 48 a sakan ɗaya in sifiyu ya ɗauka, wace makaranta ce a Taura take samun haka? Wanda ya zo ya tarar duk suna aiki zai ɗan jira a layi ne, jiran sakan ɗaya ya fi farin shafi.

Akwai ƙananan tarkuna da kusan kowa ke takawa a makon farko. client_max_body_size na nginx 1MB ne kacal, hoton 2MB zai dawo da kuskuren 413, ƙara shi ya dace da abin da ka saka a PHP. Rahoton da ke ɗaukar fiye da sakan 60, kamar haɗa na makaranta gaba ɗaya, zai ba ka 504 saboda proxy_read_timeout. Log ɗin Apache zai nuna kowa daga 127.0.0.1 yake zuwa, kuma in kana da abin da ke toshe mai yawan kuskuren fasuwod ta IP to mutum ɗaya zai jawo a toshe gari guda, maganinsa ka tura X-Forwarded-For ka kunna mod_remoteip. In satifiket (shaidar tsaron shafi ta HTTPS) yana wajen nginx kuma baka gaya wa na ciki cewa HTTPS ake ba ta X-Forwarded-Proto, WordPress zai yi ta juya mutum daga shafi zuwa shafi har burawuza ta gaji. Na ƙarshe wanda ya fi haɗari: nginx ba ya karanta .htaccess, fayil ɗin dokokin Apache da ake ajiyewa a cikin folda, sam. In ka kulle folda ta takardun ɗalibai da .htaccess sannan ka ce nginx ya riƙa ɗauko duk wani jpg da pdf da kansa, ka buɗe foldar ga duniya kenan baka sani ba. Irin wannan foldar ka bar ta ta bi ta Apache, ko ka sake rubuta kullen a nginx.

Varnish kuwa suna gare shi, duk wanda ya karanta labarin saurinsa sai ya so shi. Poul-Henning Kamp ne ya yi shi a 2006 don jaridar VG ta Norway, kuma nan ne sirrin: an gina shi don shafi ɗaya da mutum dubu ɗari za su karanta iri ɗaya. Yana adana kwafin shafin a ram, na biyu da na uku da na dubu ba sa isa wajen Apache. In shafin labarai kake da shi ko na ƙungiya, inda kowa karatu kawai yake yi, lallai zai sauke nauyi sosai. Amma fotal na sakamako fa? Kowane ɗalibi da fasuwod yake shiga, kowa da kukinsa (ɗan bayanin da burawuza ke turawa don a gane wanda ya shiga), kuma Varnish a saitinsa na asali duk buƙatar da ta zo da kuki wucewa yake da ita ciki ba ya ba da kwafi, wanda kuma daidai ne, in ka tilasta masa ta VCL, yaren saitinsa, ba tare da ka san me kake yi ba wata rana Hauwa za ta buɗe ta ga sakamakon wani yaron daban. Kaga an gudu ba a tsira ba, ma'ajiyar tana zaune kusan wayam, alhali fakitin Debian da Ubuntu 256MB yake ware mata, rubu'in sabarka kenan. Za ka iya ragewa, amma akwai kuma wani wurin ajiyarsa na wucin gadi da ake kira Transient wanda ba shi da iyaka sai kai ka saka masa. Ƙari a kan haka Varnish na kyauta da ke zuwa a wannan fakitin ba ya yin HTTPS, dole ka ajiye wani abu a gabansa, Hitch ko HAProxy ko nginx ɗin dai. Manhaja uku a jere a kan 1GB don a rage cin ram, ni dai ban ga hikimar ba. In kwafi kake so na shafin farko da sanarwa, proxy_cache na nginx zai yi maka, a diski yake ajiyewa, 1MB na ram yana riƙe makullai wajen 8,000.

HAProxy daban ne, kuma ina girmama shi. Willy Tarreau ɗan Faransa ne ya fara shi wajen 2000, aikinsa raba kaya tsakanin saba da yawa, ba shi da nauyi ko kaɗan, kuma yana da abu ɗaya da ya fi na nginx na kyauta kyau: layi. Ka rubuta maxconn 12 a gaban sunan sabarka, shi zai tabbatar buƙata 12 kawai ke shiga a lokaci guda, sauran ya jera su ya riƙe, kana kuma iya buɗe shafinsa na ƙididdiga ka ga mutum nawa ke jira a wannan sakan ɗin da idonka. Ranar sakamako wannan shafin daɗin kallo gare shi. Matsalar ita ce a tambayarmu ta farko bai ci ba. Ba ya zuba kaya a diski, ɗan wurin riƙonsa 16KB ne, abin da ya wuce haka miƙawa yake yana tafiya da saurin mai waya. Ko ka kunna option http-buffer-request iya cikin wannan ɗan wurin zai jira. Ma'ana hoton 2MB ɗin nan zai ci gaba da riƙe kujera ɗaya cikin 12 har ya gama hawa, saba ba za ta faɗi ba kam, amma layin zai yi tsawo. Kuma ba a ajiye shi don ɗauko hotuna da CSS daga folda ba. Ranar da Allah ya buɗa maka ka kai saba biyu ko uku, makarantu sun yi yawa, to ka neme shi. A kan guda ɗaya mai 1GB da masu sabis ɗin E, bai kai nginx ba.

Caddy na Matt Holt, wanda ya fito a 2015, daɗinsa sauƙi. Layi biyu ko uku a fayil, ka rubuta sunan shafinka ka rubuta reverse_proxy 127.0.0.1:8080, shi da kansa zai je ya karɓo satifiket daga Let's Encrypt ya riƙa sabuntawa, babu ruwanka da tuna kwana 90. Ga wanda ke koyarwa da safe, yana gona da yamma, saba kuma sai dare in an samu caji, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da harshen Go aka rubuta shi don haka ya ɗan fi nginx ci, ba abin tada hankali ba sai in sabarka 512MB ce. Sai dai shi ma miƙawa yake kai tsaye in baka taɓa shi ba, akwai request_buffers da response_buffers da za ka kunna amma a ram suke riƙewa, ka ba su girma da yawa ka dawo gidan jiya. Zai kwashe maka masu zaman KeepAlive da masu neman hotuna, wannan kaɗai ma ragi ne babba. Certbot da nginx ma dai yana sabunta satifiket da kansa in an saita shi sau ɗaya, shi ya sa sauƙin bai isa ya ja ni ba.

Wasu za su ce me ya sa ba za a bar wa Cloudflare, kamfanin da ke tsayawa tsakanin masu ziyara da sabarka, ba tunda kyauta ne kuma ba a kan sabarka yake zaune ba. Saka shi, ban hana ba, yana da cibiya a Legas, hotuna da CSS za su riƙa zuwa daga kusa maimakon Turai, abin da ake buƙata kawai ka canja nemsaba na sunan shafinka, ko .com.ng ne ko .sch.ng. Amma a saitinsa na asali ba ya adana shafin HTML, duk shiga da duba sakamako sai sun iso wajenka, kuma ba shi da ikon hana Apache haihuwa 150. Ƙari ne a kan gyaran cikin gida. In ka haɗa shi da nginx sai ka sake kula da maganar IP, don yanzu ƙofa biyu mutum yake wucewa kafin ya iso.

Sai hanyar da ni nake bi in sabuwar saba zan ɗora daga farko: a cire mod_php ɗin gaba ɗaya. PHP-FPM yana cikin PHP tun 5.3.3 a 2010, shi ne PHP yana zaune shi kaɗai da ma'aikatansa, ka ƙayyade yawansu da pm.max_children, lissafin dai irin na ɗazu ne. Nginx ya yi magana da shi kai tsaye, babu Apache a tsakani, tarawar nan ta shigowa da fita duk tana aiki kamar yadda take da furoksi. Abin da ya fi burge ni shi ne pm = ondemand, in ba kowa ma'aikatan duk su mutu ram ya dawo, wanda ya dace da fotal da ke barci wata uku ya farka kwana uku. Kuma in makarantu huɗu kake riƙe a saba ɗaya kowacce ka ba ta nata rukunin da nata iyakar, cunkoson ɗaya ba zai cinye na sauran ba. Kuɗin da za ka biya shi ne .htaccess, duk dokokin da ke ciki sai ka mayar da su yaren nginx da hannunka. WordPress da Laravel da Moodle nasu sananne ne, layuka kaɗan. Amma fotal ɗin da wani yaro ya rubuta yana bautar ƙasa ya tafi ba a san inda yake ba, da .htaccess a kowace folda, wlh kada ka taɓa shi ana saura mako a saki sakamako, bar Apache a ciki ka sa nginx a gaba, aikin yamma ɗaya ne kuma in ya ƙi kana iya mayar da Apache ƙofa 80 cikin minti biyu.

Akwai tsaka-tsaki kuma, Apache 2.4 da tsarin event haɗe da PHP-FPM, babu wani furoksi a gaba. Apache ya zama mara nauyi, HTTP/2 ya yi aiki, .htaccess na nan, sai dai layukan php_value da ke ciki za su jawo kuskuren 500 sai ka kwashe su zuwa .user.ini. Ya fi prefork nesa ba kusa ba, kuma ga wanda ba ya son koyon sabuwar manhaja zaɓi ne mai mutunci. Ni dai saboda masu ɗora hoto da sabis mai rarrafe na fi natsuwa da nginx a bakin ƙofa. In kuwa da fanel (shafin sarrafa saba) kake aiki, duba tukuna, Plesk da HestiaCP suna iya zuwa da nginx a gaban Apache tun daga ɗorawa, ƙila abin da ya rage maka sauke 150 ɗin nan ne kawai. Wanda ke kan hostin na haɗaka mai cPanel da bai da ikon rut, wato cikakken iko a kan saba, duk wannan maganar ba a hannunsa take ba.

Kafin ka taɓa komai auna. free -m zai nuna maka abin da ya rage, ka kalli available ba free ba, don Linux na aron ram ɗin da ba a amfani da shi ya ajiye fayiloli kuma yana sakinsa in an buƙata. ps ko top za su nuna RSS, wato ram ɗin da ke hannun kowane furoses, amma lambar tana da kumburi, tana ƙirga abin da suke rabawa tsakaninsu kamar OPcache a kan kowannensu, in ka saka smem ka kalli PSS, wanda ke raba abin haɗakar a tsakaninsu, shi ya fi kusa da gaskiya. Ka auna bayan an yi aiki mai nauyi, ba da asuba da aka sake kunna Apache ba. Sannan kunna mod_status ka leƙa lokacin cunkoso: in ka ga haruffan K da R sun cika allon, masu zaman jira ne da masu turo buƙatarsu a hankali, furoksi zai share su. In kuwa W ne ko'ina kuma sifiyu na 100, ko databes na nishi, to ba sabis ɗin mutane ba ne, yadda aka rubuta fotal ɗin ne. Na ga fotal da ke lissafa matsayin kowane ɗalibi a aji daga farko duk lokacin da wani ya buɗe sakamakonsa, yana janyo makin aji gaba ɗaya a kowace buɗewa, a teburin databes da babu indes (abin da ke hanzarta nemo bayani) ko ɗaya. Irin wannan ko nginx goma ka jera ba abin da zai canja, sai an lissafa matsayin sau ɗaya ranar da malamai suka gama shigar da maki an ajiye shi a tebur. Haka in memory_limit na PHP yana 128MB kuma mai haɗa PDF yana kai wa can, mutum huɗu suka danna buga katin sakamako tare sun cinye 500MB ɗinka, wannan shafin ka ware masa nasa rukunin a FPM mai ma'aikata biyu kacal, sauran su jira. Suwaf na 1GB ma ka saka shi ko don databes ya samu inda zai jingina na ɗan lokaci maimakon a yanka shi, yawancin ƙananan sabobin haya babu shi suke zuwa.